Ɗanyen Kasko: Bayanin Cututtukan Tanderu ga Mai Koyon Tangaran a Gida

Tangaran yumɓu ne da ya shiga wuta sau biyu: ta farko don ya daina zama laka, ta biyu don a narka masa siririyar rigar gilashi a jiki. Wannan riga ita ake kira ruwan sheƙi, ita ce kuma ta raba kofin shayi na kanti da kaskon turaren wuta na kasuwa. Maginan gargajiya, na Hausa da na Gwari, ba ruwansu da ita. Sukan jera tukwane a matoya, su lulluɓe da kara da ciyawa da itace, su cinna wuta a fili. Zafin yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 850 a ma'aunin Salshiyos, kafin awa biyu an gama. In ana son tukunya ta yi duhu da ɗan ƙyalli, sai a yayyafa mata ruwan ɓawon ɗorawa tun tana da zafi. Tangaran mai ƙwari kuwa digiri 1200 zuwa 1300 yake nema, a rufaffen tanderu, wuni guda cur. A tsakanin 850 da 1300 ɗin nan albashin mai koyo yake ƙonewa.

Irin wannan gashi ya kafu a Arewa ne ta Abuja ta dauri, wadda yau ake kira Suleja, inda wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko, kuma ta zo ne da ƙwarewarta ta ginin hannu tun daga gida. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. An san aƙalla mutum guda da ya juya takardar nan a cikin motar haya, ya ga baiwar Allah tana aikinta hankali kwance, ya ce a ransa ashe abin ba wuya. Da ya san Cardew kansa sai da ya shekara uku a Vume, a bakin kogin Volta na ƙasar Gana, yana kokawa da tanderu kafin ya zo Nijeriya, da wataƙila ya miƙa wa kwandasta kuɗinsa ya huta. Duk misalan da ke cikin wannan bayani daga tsakar gidan mutumin aka kwaso su. Malamin lissafi ne. Ba za a faɗi sunansa ba, sai dai marubuci ya san shi ciki da bai, tun da hula ɗaya suke sawa, kuma mata ɗaya ke yi musu faɗa.

Aibi na farko tun a yumɓu yake kwanciya. Jan yumɓun fadama, wanda magina ke haƙowa, cike yake da sinadarin ƙarfe da wasu ma'adinai masu saurin narkewa, don haka yana nuna da wuri, amma ba ya jure wuta mai tsanani. Wanda zai kai 1250 bai tsuguna ba sai an haɗa shi da farar ƙasar da masana ke kira kawolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da wani yumɓun mai danƙo. Kowane yumɓu kuma yana motsewa, daga bushewa zuwa gashi, da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ta kowace fuska. A baki abin kaɗan ne, amma in tsawo da faɗi da zurfi duk suka ragu haka, kusan sulusin cikin ƙwaryar ya tafi. Malamin lissafin, wanda shi ke koya wa yara wannan a aji, ya gina manyan kofunan kunu guda goma sha biyu, ya samu na shan maganin tari.

Daga nan sai bushewa. A hunturu iska na busar da siririn wuri kafin mai kauri, sai mariƙin kofi ya ja jikinsa ya rabu da uwarsa. Maganin wannan a rufe kayan da leda su bushe sannu a inuwa. A damina kuma tukunya kan yi fari a ido alhali cikinta da ruwa. Gwajin magina shi ne a manna ta a kunci: in an ji sanyi, da saura. Masu koyo da yawa sun yarda cewa iskar da ta maƙale cikin yumɓu ce ke fasa tukunya a wuta, amma mai laifin ruwa ne. A digiri 100 yakan koma tururi, tururi kuwa na neman wuri sama da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi, in bai samu ƙofa ba sai ya yi wa kansa.

An tabbatar da haka a wani daren Alhamis cikin watan Agusta. Mutumin ya jera kofuna da kwanuka a tanderu, ya sa wani asusu mai kaurin gindi a tsakiya, wanda ya gina shekaranjiya don ƙaramin ɗansa, ya buɗe wuta gaba ɗaya saboda gobe akwai makaranta. Ba a yi rabin awa ba aka ji ƙara ta farko, sai ta biyu, sai uku a jere. Akuya ta tsinke igiya. Uwargida ta tara yara ƙarƙashin gado tana salati. 'Yan sintirin unguwa suka iso da gora da tocila, maƙwabci ya leƙo ta kan katanga da taɓarya a hannu.

"Malam, lafiya? Su nawa ne?"

"Lafiya lau, Alhaji. Kofuna ne."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa kafin ya sauka. Da gari ya waye aka ga asusun bai mutu shi kaɗai ba, ya tafi da duk wanda ke kusa da shi, kamar yadda asusu ya saba yi wa mai shi. Ƙa'ida ita ce a riƙe tanderu ƙasa da digiri 100 na awanni, a bar kafa a buɗe, sai tururi ya ƙare. Ana gane ƙarewarsa in an kara madubi mai sanyi a bakin kafar bai yi gumi ba. Daƙiƙa biyu ake karawa. Madubin da aka jingina a wurin aka tafi alwala ba ya komawa ɗakin mai shi, kuma sabo ya fi na da tsada.

In an tsallake wannan, sai tsakanin digiri 450 da 600, inda ruwan da ke ɗaure cikin jikin sinadarin yumɓu yake fita. Daga nan yumɓu ba ya sake komawa laka ko an jiƙa shi shekara, abin da Bahaushe ya riga masana faɗa da ya ce ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. A digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu sukan kumbura farat ɗaya, su sake motsewa a daidai wurin in ana saukowa. Wuri ne da ake wucewa a hankali, hawa da sauka, kamar gaban gidan surukai. Gashin farko yakan ƙare wajen digiri 1000, kaya sun yi ƙwari amma suna shan ruwa, don su kama ruwan sheƙi.

Sanin inda wuta ta kai shi ne babban ilimin. Ido na taimakawa: ja mai duhu wajen 700, ruwan lemo wajen 1000, rawaya wajen 1200, fari mai kashe ido kusa da 1300, shi ya sa ake leƙawa da gilashin mai walda. Amma yumɓu ba zafi kaɗai yake ji ba, har da daɗewa a cikinsa, kamar naman da ake dafawa. Don auna su biyun tare Hermann Seger ya ƙirƙiro wasu 'yan tsinkayen yumɓu a Jamus a 1886, Edward Orton ya soma yin nasa a Amurka a 1896. Ana kiransu kon. Kowane yana da lamba, yana kuma sunkuyar da kai in aikin wutar ya kai nasa mizani. Masifar tana cikin lambobin. Masu sifili a gaba baya-baya suke tafiya: 022 ne mafi sanyi, a gangaro har 01, sannan a fara 1, 2, 3 zuwa sama. Kon 06 wajen digiri 1000 ne, kon 6 kuwa wajen 1220.

Mutumin ya karanta cewa jan yumɓu 06 yake so. Shekara goma sha tara yana gaya wa ɗalibai cewa sifilin hagu ba shi da daraja, bai ga dalilin da zai ƙaryata kansa a gaban tanderu ba, sai ya sayi kon 6. Jan yumɓun da aka kai can yakan fara duhu, ya kumbura da ƙuraje, ya saki jiki, daga bisani ya kwanta. Abin da aka tarar da safe wani baƙin fai-fai ne guda ɗaya mai kama da ƙanzon tukunyar biki, da mariƙai shida sun ɗago kai daga cikinsa kamar masu neman ceto. Da guduma da kurfi aka raba shi da allon tanderu, kuma allon ne ya fara sallamawa.

Shi ruwan sheƙi abu uku ne a haɗe. Akwai silika, sinadarin yashi, ita ce gilashin, amma ita kaɗai ba ta narkewa sai an haura digiri 1700. Akwai mai narkar da ita, kamar dutsen feldisfa da alli da tokar itace. Akwai kuma alumina, wadda ake samu daga yumɓu, ita ke ba narkakken gilashin kauri don kada ya gangare. Wani tsohon haɗi da magina suka daɗe suna farawa da shi shi ne toka kashi 40, feldisfa 40, yumɓu 20. Da sikeli ake aunawa, ba da gwangwanin madara ba, domin gwangwanin toka da na dutse ba nauyinsu ɗaya ba.

Toka ce ke jan mai koyo saboda kyauta ce, kuma ita ke wahalar da shi saboda ba ta da alƙawari. Ta kowane itace daban, ta murhun gida daban da ta mai tsire, ta mai burodi daban, ko ta wuri ɗaya ma ta bana ba ta bara ba ce. Tokar ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce. Maginan Japan na yin wani farin sheƙi mai kauri da ita, amma wanda ya zuba ta a madadin tokar itace, don ya ga an jibge ta kyauta a bayan injin casa, ya ƙara abin da ba ya narkewa ne ya rage mai narkarwa. Kwanukan sukan fito da fuska irin ta sabon yaɓen siminti, suna kankare cokali. Toka kuma tana da kaifi, ita ce fa ake yin sabulun salo da ruwanta. Mai dama ta da hannu tsirara yakan kwana uku yana riƙe alli da 'yan yatsu biyu.

Dole a niƙa haɗin a tace, kuma a nan dokar kimiyya take karo da dokar gida. Rariyar da ta tace toka ta gama tace gari har abada. Turmin da aka daka feldisfa a ciki ya rame, taɓarya ta tsage, yajin da aka daka bayansa yana ƙaras-ƙaras a haƙori har wata guda. An ji uwargida tana cewa, da muryar da ba ta ɗagawa sai ta sauke, "Malam, turmin nan da shi aka kawo ni gidan nan." Littattafan sana'a ba su kawo maganin wannan aibi ba, amma an gwada turmin atamfa ya yi aiki. Ban da rikicin gida, ƙurar silika na lalata huhu in an daɗe ana shaƙa, don haka a jiƙe ake aikinta, da takunkumi a hanci.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake raɗa wa mai koyo. Ta farko garin kwalba: yana narkewa da wuri, amma yana gudu kamar ruwa kuma yana tsattsagewa in ya huce. Ta biyu dalma, daga tsohon batirin mota ko dutsen kwalli. Tana ba da sheƙi mai kyau a ƙaramar wuta, shi ya sa aka yi ƙarnoni ana amfani da ita a duniya, kuma guba ce. Tsamiya da lemon tsami da nono mai tsami duk suna jawo ta daga jikin kwano zuwa cikin abinci, yara ne kuma ta fi kamawa. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400. Wannan sakin layi ba wasa a cikinsa.

Wajen shafawa ana son ruwan ya yi kaurin koko mai ruwa-ruwa, ya zauna a jikin kofi kamar kaurin katin banki. In ya zarce, ko in akwai ƙura ko maiƙo a ƙarƙashinsa, sai ya tattare a wuta ya dunƙule wuri-wuri, ya bar fatar yumɓu a waje kamar kan mai ƙazuwa. Ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa, shi ya sa ake goge kaya da ɗanyen soso kafin a tsoma. Maiƙo kuwa daga hannu yake zuwa. An taɓa fitar da kofuna takwas, kowanne da tabo huɗu a gefe guda da babba ɗaya a ɗaya gefen. Mutumin ya zargi feldisfa, ya zargi toka, ya fara zargin mai sayar da kawolin. 'Yarsa ta aji huɗu ce ta ɗauki kofi ta ɗora yatsunsa a kan tabban, suka zauna daram.

"Baba, ai ranar kana cin ƙosai."

Kishiyar tattarewa ita ce gudu. Ruwan sheƙin da ya yi yawa, ko ya sha wuta fiye da kima, yakan gangaro gindin kofi ya ɗaura masa aure da allon tanderu, auren da ba saki sai da fasa ɗaya. Don haka ake shafa wa gindi narkakken kyandir ko kakin zuma kafin a tsoma, a bar tazarar rabin santimita, allon kuma a shafe shi da haɗin kawolin da alumina. Haka ake yi wa bakin murfi da mazauninsa. A falon mutumin akwai wata butar shayi, mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa ginawa, ruwan zuma mai sheƙi, murfinta a manne har tashin kiyama. Baƙi na yabawa. In suka miƙa hannu za su buɗe sai a kawo zancen siyasa.

Ƙananan ramuka kamar na tsinin allura, da ƙuraje masu fashewa, iskar gas ce da ke fitowa daga yumɓu ko daga haɗin, ta huda narkakken gilashi, wuta ta mutu kafin ramin ya rufe. Ana rage su da tsawaita gashin farko da isasshiyar iska, da riƙe zafi a ƙololuwa na minti 15 zuwa 30. Allin da ake nufi a haɗi garin farin dutse ne. Allin makaranta yawancinsa jifsam ne, mai fitar da iskar farar wuta, kuma ɗibarsa daga ofis na da nasa hukuncin daban.

Tanderun kansa iri uku ne. Na lantarki ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana jan kilowat da yawa na awa takwas ko goma ba yankewa, don haka a unguwar da wuta ke zuwa gaisuwa ta koma, akwatin ajiye littattafai ne mai tsada. Na gas ana yinsa da gangar ƙarfe da aka liƙa wa audugar da ba ta cin wuta. Cutarsa ita ce in ana jan gas da ƙarfi, tukunyar gas ɗin kan yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, ƙarfin fitar ya ragu, harshen wuta ya lanƙwashe ana tsakiyar aiki. Sai a zaunar da ita cikin bahon ruwa mai ɗumi, ba a kusanta mata wuta. Ba a kuma kunna shi a ɗaki, domin yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Mai aron tukunyar gas ta kicin ya sani cewa takan ƙare ne wajen digiri 1100, inda ruwan sheƙi bai narke ba, tuwon dare ma bai dahu ba.

Na itace shi ne irin wanda aka yi aiki da shi a Abuja ta dauri, kuma shi ya fi koya wa mutum tawali'u. Bulon siminti ba ya ginuwa da shi, rugujewa yake. Ana yin bulonsa da kawolin da garin katako, katakon ya ƙone ya bar ƙofofin da ke riƙe zafi. Sanannen halinsa shi ne ya hau lafiya har wajen digiri 1000 ko 1100 sannan ya toge kamar jakin da ya ga gada. Abin da zuciya ke raya wa mai koyo a nan shi ne ya ƙara itace. Itacen da ya yi yawa kuwa yana toshe iska, gawayi ya cika murhu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya sauka maimakon ya hau. Daidai shi ne busassun faskare sirara, kaɗan-kaɗan a kai a kai, a kwashe tarin garwashi, a daidaita marfin bututun hayaƙi. Mutumin ya gano haka ne da ƙarfe uku na rana, bayan ya ƙona itacen wata biyu, a ranar da gidan Alhaji suka shanya fararen kaya na suna.

Hayaƙin nan ba wanki kawai yake rinawa ba. Wutar da ta rasa iska takan ƙwace iskar da ke ɗaure cikin sinadaran ruwan sheƙi, launi ya juya. Sinadarin jan ƙarfe kore yake bayarwa a wuta mai iska, ja a wuta mai hayaƙi. Tsatsar ƙarfe kaɗan, wadda ke ba da ruwan zuma, takan koma kore mai sanyi irin na tsofaffin tangaran ɗin Sin. Gwanaye da gangan suke yi, su samu ja mai zurfi. Mai koyo kuwa yakan yi alƙawarin koren kwano ya kawo mai launin hantar da ta kwana. Tun da kuma tanderu ba ya raba zafi da adalci, wani lungu ya fi wani da digiri masu yawa, sai a sa kon a sama da ƙasa, kada a yarda da shaidar mutum ɗaya.

Bayan gashi na bakwai mutumin ya sauke girman kai, ya ɗauki kwano biyu da wata randa ya tafi unguwar magina wajen wata tsohuwa. Ba ta tambayi digiri ba. Ta ƙwanƙwasa na farko da ɗan yatsa ya ce ɓus, ta ƙwanƙwasa na biyu ya yi ƙara siririya.

"Ɗan nan, wannan bai ji wuta ba, wannan kuma ta yi masa yawa. Gari biyu ka gasa su?"

"Wuta ɗaya ce, Inna."

"To wutarka kishiyoyi gare ta."

Gwajin nata daidai yake da na littafi: kayan da suka nuna ba tsaga suna amsawa kamar ƙararrawa. Sai ya nuna mata randar, wadda ya shafe ciki da waje da ruwan sheƙi, ita ce kuma abin alfaharinsa. Ta shafa ta, ta leƙa ciki, ta ce, "To ta ina za ta yi gumi?" Randa na sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙofofi, ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi ta tafi da zafi. Wadda aka toshe da gilashi bokiti ce mai nauyi. Ko tulunan Ladi Kwali da aka gasa da sheƙi a cibiyar Abuja, kayan kallo suka zama a gidajen tarihi, ba na ɗiban ruwa ba. Bambancin kawai nata an nemi saye.

Kashe wuta ba shi ne ƙarshe ba. A saukowa akwai 573 ɗin nan, akwai kuma wajen digiri 220, inda wani nau'in silika mai suna kiristobalait yake motsewa farat ɗaya. Iska mai sanyi in ta bugi kaya a waɗannan wurare sai su tsage daga baki har gindi. Ana toshe duk kafofi a bar tanderu kwana ɗaya ko biyu, sai an iya taɓa kayan da hannu. Tsagar kan faɗi lokacinta: in bakinta ya yi sumul, gilashi ya narke ya shiga ciki, a hawa ta faru, in yana da kaifi kamar reza, a sauka ne. Wannan ilimi bai yi wa mutumin daɗi ba, don ya rantse bai buɗe ba, alhali ya zare bulo ɗaya da asuba ya haska tocila, leƙe kawai.

Akwai kuma ƙarar da ake ji bayan an fitar da kaya, ƙis, can kuma ƙis, dare farai. A gidan da ake magana an fara ɗana tarkon ɓera, aka koma kunna turare da karanta Ayatul Kursiyyu, kafin a gano daga kan kabad take fitowa. Ruwan sheƙin da ya fi jikin kofi motsewa in ana hucewa yakan ja har ya tsattsage kamar yanar gizo. Ana gani sarai in an goga tawada an share. Maganin a ƙara silika a haɗi, a rage masu narkarwa irin na toka da kwalba, a tabbatar jikin ya nuna. In aka zarce da gyara sai a faɗa ɗaya ramin: jiki ya fi rigar motsewa, gilashin ya riƙa ɓantarewa a leɓen kofi, siriri mai kaifi, abin da ba a so a cikin shayi. Mai tsattsagewa yana ɓoye maiƙo da datti, mai ɓantarewa kuwa ba a ba kowa.

Aibi na ƙarshe shi ne mai haƙuri, wanda ke jira sai an kai kyauta. Jikin da bai nuna sosai ba yana shan laima daga iska ya ɗan kumbura, rigar gilashi ta tsage bayan makonni. Ƙananan tsakuwoyin dutsen da ake yin siminti da shi, in suka tsere wa rariya suka shiga yumɓu, wuta kan mayar da su ƙonannen farin gari, wanda ke shan laima ya kumbura ya ɓalle ɓarin jikin kwano, a bar rami da farin ɗigo a tsakiya. Rigakafin a dama yumɓu ya zama ruwa a tace shi da rariya mai laushi tun farko. Kwanuka shida na farko da suka fito ba tabo an kai su gidan surukai a watan Afrilu, cikin kwali, da jawabi. Da damina ta sauka sai aka aiko yaro.

"Hajiya ta ce a gaida Malam da aiki, wai kwanukan nan sun fara haihuwa, ko akwai abin da ake ba su?"

Fasassun kaya ba a zubar da su. Tsingaron gashin farko, wanda bai sha ruwan sheƙi ba, ana daka shi a tace a zuba cikin sabon yumɓu, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Yana rage motsewa, yana buɗe wa tururi hanya, kuma magina sun daɗe da saninsa. Wanda ya sha sheƙi ba ya shiga wannan haɗi, don gilashinsa zai sake narkewa. Shi sai a kafa shi da siminti a kan katanga maimakon fasassun kwalabe. Katangar gabas ta gidan ta cika, ta kudu ta kai rabi, Alhaji kuma ya yi magana cewa in an sake gashi a tuna da tasa.